Akushin da Iya Ige Ta Tsare

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai nemi ɗan taya ba, ya zuba teku bai gaya wa kowa zurfinsa ba. Ku matso ku gyara zama, mai goro ya ɓare, mai tari ya yi abinsa tun yanzu. Ni ne Anaruwa ɗan Nomau, wanda aka haifa ana tsuga ruwa, ya tashi yana tsoron leƙa rijiya, sannan ƙaddara ta ɗauke shi ta ɗora a kan tekun da ba a hango gacinsa. Abin da zan faɗa muku na gan shi da idona, wani ma da harshena na lashe shi, kuma za mu zo wurin.

Ban san uwa ba, ban san uba ba, kakata na sani, Iya Ige. Ita ta goya ni, ita ta yaye ni da kunun kanwa, ita kuma ta zage ni zagin da ko akuyar da ta ci shanya ba ta sha irinsa ba. Ta ce mini mai kan tulu, in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Ta ce ba ta taɓa ganin ragon miji irina ba, ni kuwa kowace safiya sai na sake ta, kafin azahar in mayar da ita saboda tuwo. Haka kaka da jika suke a wajenmu, ba sai na gaya muku ba.

Ana nan sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko abin dariya ne: ta zuba gishiri a kunu, ta tsaya tana gaida turmi da kwana, har tana tambayarsa yara. Ranar da ta tsaya a gabana tana tambayar mutane ko sun ga Anaruwa, ranar dariya ta ƙare. Na ɗaura aniyar neman magani, ita kuma ta ce ƙafata ƙafarta, don ba za ta bar mai kan tulu ya shiga duniya shi kaɗai ya ba ta kunya ba. Na ɗora ta a jaki muka kama hanya.

Mun ratsa ƙasar da inuwa ke riga mai ita tashi, mun kwana a garin da zakara ke neman izini kafin ya yi cara, har muka iske wani tsohon mai magani zaune cikin kogon kuka. Ya buɗe idon Iya ya leƙa, ya ce magani ɗaya ne: tozalin Tsibirin Hange, can bayan babban teku. Amma ya ja kunnena. Ya ce tozalin yana aiki ne muddin ido na bambance rana da duhu. In wannan ya tafi, to ko buhu na kawo sai dai a yi kwalliya. Tun daga nan kowace rana ta faɗi sai in ji kamar daga jikina aka yanke ta.

Birnin Tsinkaya shi ne ƙarshen ƙasa, daga shi sai ruwa. Jiragensu na iska ne: a kafa dogon itace a tsakiya, a ɗaura masa zannuwa masu faɗin gona, iska ta cika su ta tura. Na shiga kasuwa ina tambayar tsawon lokacin da ƙetarewa ke ɗauka, kuma ban taɓa jin shirme irin amsoshin da na samu ba. Mai kifi ya ce akwai wanda ya je ya dawo goron aljihunsa bai bushe ba. Wata mai ƙosai ta ce ƙaninta ya tafi da yaye ya dawo da furfura. Duk wanda na tambaya kuma sai ya tambaye ni: wa ka bari a gida? Na fara jin haushi, na ce ko mutanen garin nan duk a rana aka shanya su.

Sarkin Tafki ne ya warware mini. Wani gajeren mutum ne mai riƙe da gora da ta ninka shi tsawo, ya ja ni tsakiyar gari, inda wani ƙaton tafki yake, akusa birjik suna yawo a kansa. Ya ce duk jirgin da aka sassaƙa a Tsinkaya, daga zuciyar itacensa ake fitar da akushi guda. In jirgi ya tashi sai a saki akushinsa a tafki. Inda jirgi ya nufa nan akushi zai nufa. In ya karkata a san hadari ya taso, in ya kai wancan bakin a san an sauka lafiya, in ya nutse a shimfiɗa tabarmar makoki. Da haka suke bin lafiyar matafiyansu, ba ɗan aike ba tantabara.

Na ce kai, wannan hikima ta kai. Ya yi tsaki ya ce in bari ya gama. Itace ɗaya ne, saboda haka abin da ya taɓa akushi ya taɓa jirgi. Doka ta ce a duba da ido, kada a sa hannu, shi ya sa yake yawo da gora. To amma wace uwa ce za ta ga akushin ɗanta ya yi nisa ba ta ɗan jawo shi ba? Ya nuna mini wani jirgi can kusa da gaɓa, zannuwansa duk sun koɗe. Ya ce mai shi ana kiransa Ango, ya tashi ne a satin bikinsa, ya rantse ba zai sauka ba sai ya ƙetare. Amaryar yanzu ba ta da haƙori ko ɗaya, kuma har yau kullum da hantsi sai ta zo ta jawo.

Wannan ya sa suke da al'adar da suke kira faɗan sallama. Mai shirin tafiya sai ya nemi 'yan ingiza, su bi gidan danginsa suna kai gulma, har kowa ya cika ya batse ya ce ya je can ya ƙarata. Sai an tabbata ba mai son ganinsa sannan ya hau jirgi. Mai tsaron akushi kuwa, wanda doka ta wajabta wa kowane jirgi, daga cikin maƙiya ake zaɓarsa, don maƙiyi zai zuba ido da kyau, kuma ba zai taɓa jawo ka gida ba.

Jirgin da ya fi kowanne sauri na Madugu Shantali ne, wani dogo mai dogon wuya, wanda ba ya ɗaukar kowa sai marayu da gwauraye da waɗanda dangi suka sallama. Na iske shi cikin damuwa, don babban maƙiyinsa da ke tsare masa akushi ya rasu a makon. Ya dube ni sama da ƙasa ya tambaya ko ina da mai sona. Na gaya masa gaskiya: kakata kaɗai gare ni, ita kuma tun ina tsumman goyo take zagina. Ya ce in kawo ta ya ji da kunnensa.

Da aka tambayi Iya, ta tofar da tukar goro ta ce, "Wannan? Ku tafi da shi ku ba kifi, in kifin ba shi da ƙyanƙyami."

Na ce, "Ni ma na gaji da ke. Na sake ki, kuma yau ba kome."

Madugu Shantali ya dubi Sarkin Tafki da ya rako mu. Ya ce shekarunsa a teku bai taɓa ganin ƙiyayya mai tsabta irin wannan ba, mutum ya saki kakarsa a bainar jama'a. Su mutanen Tsinkaya ba su san wasan kaka da jika ba, a wajensu zagi zagi ne. Nan take ya ɗauke ni, ya kuma roƙi Iya ta tsare masa akushi. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna da ranar da ke faɗuwa, na rufe. Na dai ja ta gefe na ce don Allah ta zauna da hannunta. Ta ce ita da za ta samu hutu, me za ta taɓa?

Muka tashi da hantsi, iska ta cika zannuwa, gari ya shige bayan ruwa. Ni dai na rungumi itacen tsakiya ina mayar da abin da na ci tun bara. Washegari kuwa, muna cikin gudu, sai wasu dogayen gizagizai suka sauko jere kamar yatsu, suka kama jirgin ta baya, suka ja shi fuu, har hasumiyar Tsinkaya ta sake bayyana. Iskar da ta zo da su warin daddawa take. Matuƙa suka yi ta salati, Madugu ya ce bai san wannan hadarin ba. Ni na san shi. Idon Iya ba ya kai nesa, sai ta jawo abu gaban hancinta take ganinsa.

Haka muka yi ta yi: mu ci gaba da yini, a dawo da mu da safe. Ranar da zafi ya tsananta sai sama ta rufe ruf da wani saƙaƙƙen abu, haske na tsiyaya ta ƙananan kafofi, iska ta ɗauke ɗif. Gwauraye suka fara yafe wa juna, wani ya amsa laifin satar agwagwar da ba wanda ya tuhume shi. Na ɗaga kai na ga zanen ja da kore, na gane faifan da muke rufe fura da shi ne. Wai kada rana ta dake ni.

Babbar masifar ta zo ne da azahar ɗin wata rana. Muka ji wata ƙara daga sama, kafin mu ankara wani dutse fari mai tururi ya sauka tsakiyar jirgi, jirgin ya nutsa har ruwa na leƙowa. Bayansa aka yi ruwan miyar kuka kamar da bakin ƙwarya. Madugu ya fito daga ƙarƙashin tulin, miya na zuba daga gemunsa. Ni kuwa yunwa ta sa na gutsura na kai baki, kuma bakina da bai san ta ido ba ya ce, "Ta sake cika gishiri."

Kowa ya juyo. Madugu ya tambaya wace ce ta cika gishirin. Da na yi bayani, ya kasa ganewa. Ya ce to in tana sona me ya sa take zagina, na ce ai shi ne son. Ya ce wannan ƙasa tamu Allah ya kiyashe shi da ita, ya sa a kama ni a jefa a ruwa. Har sun ɗaga ni, na ce su jefa, amma su ji wannan tukuna: Iya Ige ba ta taɓa barin akushi ya kwana da ragowar tuwo ba. In la'asar ta yi ta shafa ta ji saura, za ta dirje shi da soso da toka, ta ɗauraye, sannan ta kife shi a rana ya bushe.

Kalmar kifewa ta sa suka sauke ni a hankali kamar ƙwai. Madugu ya tambayi mafita. Na ce mafita ɗaya ce: akushin da na ci a ciki ba ta wanke shi nan take, don ina suɗe shi tas har ba a sanin an zuba wani abu. In ta ji shi fes za ta san ina da rai, na kuma ci.

Jama'a, ban taɓa ganin yini irin wannan ba. Muka ci har ido ya raina fata, muka tura wa kifaye abin da ya gagara, sannan aka shiga suɗi. Wani na lasar igiya, wani ya rataye da ƙafa yana lasar gefen jirgi, wani ya tsotsi zanen iska tun daga sama har ƙasa. Madugu Shantali, mutumin da teku ke tsoro, na gan shi a durƙushe yana bin tsagar katako da harshe. Na lura hawaye na bin dogon wuyansa. Ya ce barkono ne. Can da ya ga ba mai kallo, ya ce mini tun da aka haife shi ba a taɓa aiko masa da tuwo ba.

La'asar na yi gizagizan suka sauko. Guda ɗaya ya zagaye cikin jirgin a hankali, kamar yadda take zagaya akushi da yatsa, bai samu komai ba. Sai ya tsaya a kan itacen tsakiya ya shafa shi, shafar da na sani a kaina tun ina yaro, ya koma sama. Muka zube muna nishi.

Daga nan tuwo ya zama na kullum. Gwauraye suka yi kumatu, jirgi ya yi nauyi, gashina da na bar gari da aski ya isa kitso, tsibiri kuwa ko ƙurarsa. Su sun fara sabawa, har ana musu kan ko yau kuka ce ko kuɓewa. Ni kuwa na ga abin da ba su gani ba: hannun ya fara kuskure. Ya sauka can hagu yana lalube, ya koma dama, ya daɗe kafin ya same mu. Su a Tsinkaya suna duba lafiyarmu a tafki, ni ina tsakiyar teku ina duba lafiyar idonta a sama, kuma abin da nake gani ba daɗi.

Sai wata safiya hannun bai zo ba. Azahar ta yi ba tuwo. Washegari ma haka. A maimakonsa wata iska mai ɗumi ta taso daga baya, tana zuwa tana yankewa, wani lokaci da 'yar tsawa a ƙarshenta, ta cika zannuwa har suna neman yagewa. Jirgi ya tashi kamar an tsikari doki. Matuƙa suka yi ta murna, ni na koma bayan jirgi na yi kuka mai isata. Na san Iya. Abu ɗaya kaɗai na san zai hana ta taɓa akushin nan, shi ne mutuwa. Madugu ya zo ya tsaya kusa da ni, shi ma yana kallon sama.

Tsibirin Hange ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Mutanensa sun sha tozali har suna hango aibin juna daga nisan yini, shi ya sa ba wanda ya taɓa aure a cikinsu sai da mayafi a ido. Sun gaji da abin, suka cika mini tandu suka ce in ƙara in ina so. Muna juya jirgi iskar nan ta juyo tare da mu, da yankewarta da tsawarta. Ni da kan tulu ban gane komai ba.

Ƙafata na taɓa ƙasa na zura da gudu zuwa tafki, Madugu na bina. Na hango taro a wancan bakin, na ce shi ke nan, tabarmar makoki ce. Na kutsa. Ga Iya Ige a durƙushe bakin ruwa, ta rame ta zama kamar tsinke, hannuwanta ɗaure ta baya da ɗankwalinta, kumatu a kumbure tana hura ruwa. Ta hura, ta huta, ta yi tari, ta sake hurawa.

Sarkin Tafki ya gaya mini yadda aka yi. Ya ce gorarsa ta kasa, don duk lokacin da ya ɗaga ta sai Iya ta tambaye shi ko haka uwarsa ta koya masa. Ranar da ya gaji ya faɗa mata gaskiya, cewa hannunta ne ke hana ni isa, sai ta kwance ɗankwali ta ce ya ɗaure ta da kyau, don ba ta yarda da kanta ba. Doka ta hana taɓawa, ba ta hana hurawa ba. Da yake ba ta ganin wanne ne akushina, sai ta hura duka. Jiragen da suka maƙale tun zamanin kakanni duk sun ƙetare, har da Ango, kuma tsohuwar amaryarsa ta daina gaisawa da Iya.

Na durƙusa na kira ta. Ta ce au, kifin ma ya ƙi ka? Na buɗe tandu, na ja mata tozali a ido biyu. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta ɗaga kai, ta washe baki.

"To, alhamdu lillahi, gari ya waye," in ji ta. "Ji shi don Allah. Duk wannan tafiya, kan nan bai ragu ba."

Madugu Shantali take kallo. Shi ma ba daidai ba, ɗan gefensa.

Ba wanda ya yi motsi. Rana tana tsaka, tana dukan idonta, ko ƙiftawa ba ta yi don ita. Na dubi tandun da ke hannuna, cike fal, na ji kamar in yi ihu har teku ta ji. Amma na ga yadda ta dage da murmushin nan don kada wahalata ta tashi a banza. Sai na miƙe a hankali, na ture Madugu gefe, na tsaya daidai inda idonta yake.

Na ce, "Ke ma kin ƙara muni. Na mayar da ke, amma don tuwo."

Ta yi dariya har da tari. Sannan ta sassauta murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Kwance mini hannu in gan ka."

Na kwance. Ta bi fuskata da yatsu masu warin daddawa, goshi da kunne da gemun da ba ta san na yi ba, ta daɗe a kai. Ta ce na yi ƙiba, ashe ina ci. Na ce tas nake suɗewa. Ta ce ta sani, ai ta duba.

Mun zauna a Tsinkaya har Allah ya karɓi abarsa. Tozalin kuwa kullum da safe ni nake ja mata, ita kuma kullum sai ta yaba ƙarfinsa. Madugu Shantali bai sake neman maƙiyi ba. Duk tafiyar da zai yi Iya yake ba akushi, ba ɗauri ba gora. Jirginsa da ya fi kowanne sauri ya koma na baya a garin, yana tafiya yana dawowa, gwauraye na suɗe igiya. Ranar da muka kai ta makwanci yana teku. An ce iska ta yi masa kyau a wannan karon, ya isa tsibiri goronsa bai bushe ba, kuma da ya dawo ya ja jirgin kan tudu, bai sake hawa ba.

Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na manta teku ta riƙe. Ku tashi, a kawo akushin nan in suɗe kafin a wanke.